Ofishin da ke rubuta wa jama'a wasiƙar neman bayanan gwamnati a Kano: inda ya ƙware da inda ya gaza

A cikin birnin Kano akwai wani ƙaramin ofishi na matasan lauyoyi da ya ɗauki aikin da ba kowane lauya ke waiwayarsa ba, wato taimaka wa ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyin unguwanni su nemi takardun gwamnati ta hanyar Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ma'aikata da 'yan jarida suka fi sani da dokar FOI. Ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda nake sakatarenta, ta yi hulɗa da su a kan wani ƙaramin asibiti da aka fara ginawa a matsayin aikin mazaɓa, wato aikin da ɗan majalisa ke sakawa a kasafin kuɗi domin yankinsa, aka kai shi linta, sannan ɗan kwangila ya kwashe kayan aikinsa ya tafi. Na bar sunan ofishin da na hukumar da muka rubuta wa a gefe, domin maganar asibitin ba ta mutu ba tukuna. Ra'ayina a kansu shi ne cewa sun ƙware ƙwarai wajen tsara tambaya da isar da ita inda ya dace, amma hidimarsu tana raguwa daidai lokacin da mai nema ya fi bukatar su, wato bayan hukuma ta ƙi ba da abin da aka nema.

Dokar da suke aiki da ita ba ta wajabta wa kowa ɗaukar lauya ba, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tun kafin ya taka ƙofarsu. Ƙudurin ya fara shiga Majalisar Tarayya a 1999, majalisar ta zartar da shi a ƙarshen mulkin Olusegun Obasanjo amma bai sa masa hannu ba a 2007, sai a ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya mayar da shi doka. Sashe na 1 ya ba kowane mutum ikon neman bayanan da ke hannun hukumar gwamnati, ya kuma ce ba sai mai nema ya faɗi dalilinsa ba, yayin da sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta bayar da bayanin ko ta rubuto dalilin hanawa. Duk da wannan sauƙi da ke rubuce, mutumin da bai saba da ofisoshin Abuja ba yakan rasa wa zai rubuta wa, me zai ce, kuma ina zai kai takardar, kuma wannan giɓin ne ofishin ya shigo ya cike.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda aka karɓi ƙorafinmu aka mayar da shi tambayar da hukuma ba za ta iya kaucewa ba. Mun shiga da ɓacin rai, shugaban ƙungiyarmu, dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin koyarwa, ya ce mun zo ne mu san wanda ya ci kuɗin asibitinmu. Lauyar da ta karɓe mu ta bar shi ya gama, sannan ta jawo farar takarda ta ce, "Baba, idan muka rubuta haka, za su ce ba su da wannan bayanin, kuma doka ba za ta kama su ba. Ku faɗa mini takardun da ya wajaba a ce suna cikin fayil ɗin wannan aiki, su za mu nema ɗaya bayan ɗaya." Dattijon ya ce, "To, Barista, ai ke kika san sunayensu." Daga nan ta riƙa jero su tana bayyana amfanin kowace: takardar ba da kwangila, wadda ke nuna sunan kamfani da adadin kuɗi da wa'adin aiki, jadawalin kayan aiki da farashinsu, wanda zai nuna ko an yi alkawarin rufi da fenti da rijiyar burtsatse, baucocin biyan kuɗi, tun daga kafin alƙalami, rahoton injiniyan da ya duba aikin, da takardar shaidar kammalawa, idan har an bayar da ita.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, sun yi binciken da a ganina shi ne mafi darajar abin da suke sayarwa. Sun nemi hoton allon da ɗan kwangila ya kafa a bakin ginin, wanda rana da ruwan sama suka kusa goge rubutunsa, suka karanto sunan hukuma da shekarar kasafi daga ciki. Sai suka buɗe kasafin kuɗin wannan shekarar a shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, suka gwada da abin da ke cikin Tracka, dandalin da ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗi ta buɗe a 2014 domin bibiyar ayyukan mazaɓu, suka kuma duba rajistar kamfanin a shafin hukumar CAC. Wannan bincike ne ya nuna mana cewa aikin ba ya ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya kamar yadda kowa a garinmu yake zato, an saka shi ne a kasafin wata hukumar tarayya da aikinta na asali bai shafi lafiya ba ko kaɗan. Wanda ya san yadda ake rarraba ayyukan mazaɓu, waɗanda aka shafe shekaru ana ware musu naira biliyan 100 a kasafin tarayya na shekara, ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Da mun rubuta wa hukumar da muke zato, sashe na 5 ya ce ta miƙa wasiƙar ga mai alhakin cikin kwana 3, kada ya wuce 7, ta kuma sanar da mu, amma lauyar ta ce ta fi son wasiƙa ta faɗa hannun mai ita tun daga farko, kuma na yarda da ita.

Ita kanta wasiƙar ba ta cika shafi biyu ba. An rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar, aka ja hankalin jami'in da ke kula da bukatun FOI, aka ambaci sassan dokar da aka dogara da su, aka rubuta sunan aikin daidai yadda yake a kasafin kuɗi har da lambarsa, sannan aka jera takardun da ake nema da lamba. Babu zargi a cikinta, babu barazana, babu dogon yabo ga mai karɓa. Wani daga cikinmu ya so a ƙara sakin layi a kan matan da ke haihuwa a hanya saboda rashin asibiti, lauyar ta ce wannan gaskiya ce mai nauyi amma wurinta takardar koke, domin duk kalmar da ta wuce bukata a wasiƙar neman bayani tana ba mai amsawa damar ya amsa ita ya bar ainihin tambayar. Na ji ciwon cire wannan sakin layin, domin na san waɗannan matan, amma shawarar daidai ce.

Wajen isar da wasiƙa ma ba su yi sakaci ba. Suna da wakili a Abuja da ke kai takarda hannu da hannu zuwa ofishin rajista na hukuma, yana tafiya da kwafi biyu, ba ya barin wurin sai an buga wa kwafinmu hatimi, an rubuta kwanan wata, an sa hannu. A ranar aka turo mana hoton kwafin ta WhatsApp, daga baya ainihin takardar ta iso. Sun sha nanata mana cewa wannan hatimin shi ne ginshiƙin komai, tunda daga ranar da ke jikinsa ake fara lissafin kwana 7, kuma shi ne hujjar farko da alƙali zai nema idan magana ta kai kotu. Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikata, aka ce masa oga ba ya nan ko ba a ga takardarsa ba, zai gane dalilin da ya sa na ba wannan aiki na masinja muhimmanci haka.

Akwai wani zaɓi da suke ba masu zuwa wurinsu wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane da yawa suna tsoron sa sunansu a wasiƙar da ta shafi aikin ɗan majalisa, musamman a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kuma inda ɗan kwangila kan zama surukin wani ko yaron wani babba. Ofishin yakan yarda ya aika wasiƙar da sunansa a kan takardarsa, tunda doka ba ta tambayar dalilin mai nema, sai a ɓoye wanda ya kawo maganar. Mu mun zaɓi sa sunan ƙungiya, domin muna so hukumar ta san cewa akwai gari guda a bayan tambayar, kuma domin mu kasance masu ikon shigar da ƙara da kanmu idan an hana. Lauyar ta bayyana mana ribar kowace hanya da haɗarinta ba tare da ta tura mu ɓangare ɗaya ba. Ga malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke tsoron canjin wurin aiki, wannan kariya ba ƙarama ba ce.

Game da kuɗi, ba mu ga abin zargi ba. An rubuta mana abin da za mu biya tun ranar farko, aka raba shi biyu, ladan rubutu da bincike daban, kuɗin kai wasiƙa da bibiya a Abuja daban, kuma an ba mu rasit a kan kowanne. Kuɗin bai fi ƙarfin ƙungiyar da ke tara gudummawar wata-wata ba, ko da yake zai yi wa mutum ɗaya mai ƙaramin albashi nauyi. Sun kuma gargaɗe mu cewa sashe na 8 ya taƙaita abin da hukuma za ta caja a kan kuɗin fotokwafi da kwafe rubutu kawai, saboda haka duk wanda ya nemi wani abu da sunan kuɗin bincike ko na goro, mu ce ya rubuto a takarda.

Wa'adin kwana 7 ya wuce babu amsa, kuma hukumar ba ta rubuto neman ƙarin kwana 7 da sashe na 6 ya yarje mata ba. Ofishin ya aika takardar tunatarwa, yana nuni da sashe na 7 wanda ya ɗauki shirun hukuma a matsayin hanawa, wanda kuma ya tanadi tarar naira 500,000 a kan jami'i ko hukumar da aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Bayan wannan ne amsa ta zo, ɗauke da takardar ba da kwangila da wani ɓangare na jadawalin kayan aiki. Baucocin biyan kuɗi da rahoton injiniya kuwa an hana, da hujjar cewa sun ƙunshi sirrin kasuwancin wani, wato sashe na 15. Bayanin da lauyar ta yi mana a kan wannan hujja ya gamsar da ni: ta ce sashe na 2 ya lissafa kuɗin da hukuma ta karɓa da wanda ta kashe cikin abubuwan da ya wajaba ta wallafa da kanta ko ba a tambaya ba, sashe na 18 ya ce idan wani yanki na takarda ne kaɗai ke da kariya a rufe shi a bayar da sauran, sannan sashe na 24 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kotu cewa tana da ikon hanawa. A taƙaice ta nuna mana muna da ƙara mai ƙarfi.

A nan ne hidimar ta yanke, kuma a nan ne babban ƙorafina yake. Sai da muka ce a tafi kotu sannan aka sanar da mu cewa ofishin ba ya shigar da ƙarar FOI a cikin kuɗin da muka biya, ba shi ma da isassun hannun da zai riƙe shari'a a Babbar Kotun Tarayya, saboda haka sai dai mu nemi wani lauya ko wata ƙungiyar da ke yin irin wannan shari'a kyauta. Ba laifi ba ne ƙaramin ofishi ya san iyakarsa, laifin shi ne rashin faɗinta tun ranar farko. Sashe na 20 ya ba mai nema kwana 30 ne daga ranar da aka hana shi, ko ranar da doka ta ɗauka an hana shi, ya garzaya kotu, kuma ko da yake alƙali na iya ƙara lokaci, babu mai hankalin da zai so fara shari'a da roƙon afuwar jinkiri. Ƙungiya irin tamu ba ta yanke shawarar kashe kuɗi sai an kira taro, an sanar da mai gari, an bi gida-gida, kuma duk wannan yana cin makonni. Lauyan da ya san agogo na tafiya tun daga ranar da wa'adin hukuma ya cika, ya wajaba ya rubuta wa wanda yake wakilta ranar ƙarshe da manyan baƙaƙe, ya kuma gaya masa wa zai tsaya masa. Mun tarar da kanmu kamar wanda aka raka har bakin kogi aka nuna masa tsallake, sannan aka ce ya nemi mai kwalekwale.

Adalci ya sa in ce ba su kaɗai ke da alhakin wannan tsaiko ba. Dokar Najeriya ba ta kafa wata hukuma ta musamman da mai nema zai kai wa kuka kafin kotu ba, saɓanin Ghana, wadda dokarta ta 2019 ta samar da hukumar da ke sauraron irin wannan ƙorafi. A nan abin da aka tanada shi ne kowace hukuma ta miƙa wa Antoni Janar na Tarayya rahoton bukatun da ta karɓa zuwa ranar 1 ga Fabrairun kowace shekara, shi kuma ya kai nasa Majalisar Tarayya zuwa 1 ga Afrilu, wanda ba ya cire wa talakan da aka hana takarda kitse a wuta. Sashe na 21 ya ce a saurari ƙarar FOI cikin gaggawa, amma kuɗin shigar da ƙara da ɗage zama da zirga-zirgar lauya suna nan. Sanin haka ne ya kamata ya sa ofishin ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da lauyoyin da za su karɓi fayil daga hannunsa kai tsaye, maimakon ya miƙa wa mutane lambobin waya su nema da kansu.

Ƙorafi na biyu shi ne harshe. Ana magana da Hausa a ofishin, kuma lauyar tana da baiwar sauƙaƙa doka da baki, amma duk abin da aka ba mu a rubuce da Turanci yake, har da amsar hukuma da bayaninsu a kanta. Sai da na zauna na fassara komai da kaina kafin in karanta wa taron ƙungiya, inda mafi yawan mahalarta manoma ne da 'yan kasuwa da suka fi sakewa da Hausa, wasu ma da ajami. Ofishin da masu zuwa wurinsa Hausawa ne ya kamata ya riƙa haɗa kowace wasiƙa da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa, ya kuma buga samfurin wasiƙa da mutum zai cike da kansa. Sashe na 3 ya ba wanda bai iya karatu ba ko mai naƙasa damar nema ta hannun wani, ya kuma wajabta wa jami'i ya rubuta bukatar da aka faɗa da baki ya ba mai ita kwafi. Ban ji an faɗa wa kowa wannan ba a zaman da na yi a ɗakin jira, alhali shi ne sashen da ya fi amfanar mutanen da ke zaune a wurin. Wanda ya koya wa gari rubuta wasiƙarsa ba zai rasa aiki ba, domin matsalolin da suka fi wuya za su ci gaba da dawowa gare shi.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna damun mai zuwa daga nesa. Ofishin yana hawa na biyu, babu hanyar da mai keken guragu zai hau, dattijon shugabanmu ma sai da ya huta a tsakiyar matakala. Kusan duk fayil yana kan mutum ɗaya, wato lauyar da ta karɓe mu, idan tana kotu ko ta yi tafiya, wanda ya ɗaga waya ba ya iya cewa komai face a sake kira. Ba a buɗewa ranar Asabar, wadda ita ce ranar da ma'aikaci ko malamin makaranta ke da sarari.

Wani abin da ya ƙara wa hidimarsu amfani shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na watan Afrilun 2025, a shari'ar da ta samo asali daga bukatar da aka kai wa hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo, inda kotun ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Kafin wannan hukunci, gwamnatocin jihohi da dama suna fakewa da cewa ba su mayar da dokar tasu ba, kuma rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara sun yi hukunce-hukunce masu karo da juna a 2018. Yanzu ofishin yana karɓar bukatun da suka shafi ma'aikatun jiha, yana maƙala bayanin hukuncin a jikin wasiƙa, kuma yana gaya wa mutane a fili cewa kada su zaci kowane jami'i ya riga ya ji labarinsa. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, tunda makarantar firamare da ƙaramin asibiti da hanyar ƙauye, waɗanda su ne damuwar yawancin mutane, sun fi rataya a wuyan jiha da ƙaramar hukuma.

Takardun da muka samu, duk da ba su cika ba, sun canza zancen asibitin a garinmu daga jita-jita zuwa magana mai hujja. Mun san sunan kamfanin, mun san adadin kuɗin kwangilar da wa'adin da aka ɗiba, kuma jadawalin ya nuna abubuwan da aka yi alkawari waɗanda babu su a filin. Da su muka haɗa takardar koke zuwa ga hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, wadda ta fara shirin bibiyar ayyukan mazaɓu a 2019, kuma ofishin ya duba mana takardar ba tare da ya nemi ƙarin kuɗi ba.

Ina ba ƙungiyoyin gari, kwamitocin makarantu da 'yan jaridar da ke aiki su kaɗai shawarar su je wurinsu, musamman idan ba su san hukumar da ke riƙe da fayil ba ko kuma hukumar tana Abuja. Wanda ya riga ya san hukumar, kuma tana kusa da shi, zai iya rubuta wasiƙarsa da kansa ya kai rajista ya karɓi hatimi. Mai niyyar zuwa ya tafi da hoton allon aiki, da shekarar da aka fara shi, da wasiƙar ƙungiya da ta ba shi izinin wakilci. Kafin ya biya ko kwabo, ya nemi a rubuta masa a takardar yarjejeniya sunan lauyan da zai shigar da ƙara idan an hana, da kuɗin da hakan zai ci, da ranar da kwana 30 za su cika.